Daga Layin Comiket Zuwa Bangon Littattafai na Kyoto

Agusta ba watan jin daɗin yawo ba ne a Tokyo. Zafi ne mai ɗanshi, gumi ba ya bushewa a jikin mutum ko da ya shiga inuwa. Sai dai a watan ne ake cin ɗaya daga cikin kasuwanni biyu na Comiket a kowace shekara, wato babbar kasuwar masoya manga, littattafan labarai cikin zane na Japan, ɗayar kuma a Disamba, kuma ita ce ta taso ni daga Abuja. Mun ya da zango a Addis Ababa, jirgi ya sake tsayawa a Koriya ta Kudu, sannan muka sauka filin Narita.

Ranar kasuwa na yi sammako, na hau jirgin ƙasa na layin Rinkai zuwa tashar Kokusai-Tenjijo. Ba a tambayar hanya, taron jama'a kawai za ka bi, shi zai kai ka Tokyo Big Sight, katafaren zauren baje kolin da ke bakin teku, inda Comiket ta koma tun 1996. Dubban mutane na tarar zaune a layi cikin rana, kowa da tawul a wuya da gorar ruwa a hannu. Masu tsara layin 'yan sa kai ne, kuma ban ga wanda ya yi musu gardama ba. Da aka sanar an buɗe ƙofa, sai wurin ya kaure da tafi.

A Disamban 1975 aka fara wannan kasuwa, da rukunin masu zane 32 da maziyarta kimanin 700. A Disamban 2019 an ƙiyasta mutum 750,000 cikin kwana huɗu. Abin da ya fi wannan adadi ba ni mamaki shi ne hajar da ake sayarwa. Manyan kamfanonin ɗab'i suna da nasu ɓangaren, amma zuciyar kasuwar tana wajen dogayen layukan tebura, inda kowane rukuni yake da rabin tebur da kujera. Nan ake sayar da doujinshi, wato 'yan littattafan da mutum ya zana da hannunsa, ya biya maɗaba'a da kuɗin aljihunsa, ya zo ya zauna yana sayarwa da kansa. Da yawa ana ba da su a yen 500 ko 1,000. Wasu sun ɗauki jaruman fitattun labaran manga sun ƙirƙira musu sabuwar rayuwa, wasu nasu ne tun daga tushe. Na sayi guda a hannun wani dattijo, duk littafin kan ƙananan tashoshin jirgin ƙasa na karkara yake magana. Ya miƙo mini da hannu biyu, ya sunkuya, na sunkuya.

Tsayuwar da na yi gaban teburin nan ta tuna mini marubutanmu na Kano, waɗanda tun shekarun 1980 suke buga littattafansu da guminsu su kai kasuwa, mata da yawa a cikinsu. A nan ma mata ne suka daɗe suna riƙe da yawancin teburan, kuma CLAMP, rukunin matan da duniya ta san zanensu a yau, da irin wannan ƙaramar sana'a suka soma. A ganina nan ƙarfin manga yake. Mai karatu ba ya tsayawa a karatu, yana ɗaukar alƙalami ya gwada nasa, kuma yana da wurin da zai kai. Kamfanoni sun san ana aron jarumansu, galibi suna kau da kai, domin daga cikin waɗannan teburan ake samun gwanayen gobe.

Akwai abin da ya kamata duk mai niyyar zuwa ya sani. Wasu layukan na zanen batsa ne, an rubuta a bangon littafin cewa na manya ne, ana kuma duba shekarun mai saye. Ban ji daɗin ganinsu ba, kuma ba zan kai yaro wurin ba tare da na nazarci taswirar zauren tukuna ba. Taswirar tana raba layukan bisa jigo, don haka kauce musu ba wuya.

Baƙi kuwa sun cika wurin. A filin da masu shigar jaruman labari suke tsayawa ana ɗaukar su hoto na ji Sinanci, Turanci, Sifaniyanci da Faransanci. Wata budurwa daga Faransa ta ce mini a garinsu kowane kantin littattafai yana da ɓangaren manga, kuma hakan ya dace da abin da aka sani, cewa Faransa tana sahun gaba a kasuwar manga a wajen Japan. Wani saurayi ɗan Indunusiya ya ce shekara da shekaru fassarar da masoya suke yi su ɗora a intanet yake karantawa, sai da kamfanin ɗab'i na Shueisha ya buɗe dandalin Manga Plus a intanet a 2019 ya fara karanta sabon babi ta halastacciyar hanya, rana ɗaya da mutanen Japan. Ni kuma na ba shi labarin yadda muka san wannan duniya ta tashoshin Larabawa na tauraron ɗan'adam, muna kallon Captain Majid ba mu san cewa asalinsa Captain Tsubasa ba ne, labarin da Yoichi Takahashi ya fara bugawa a 1981. Ya ce su ma sun kalle shi da harshensu.

Na yi Juma'a a Tokyo Camii, masallacin da ke unguwar Yoyogi-Uehara, sannan na hau Shinkansen, jirgin ƙasa mai tsananin gudu, zuwa Kyoto, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna.

Gidan adana manga na Kyoto tsohuwar makarantar firamare ce, aka mayar da ita haka a 2006, haɗin gwiwar hukumar birnin da Jami'ar Kyoto Seika. Yana da kayan tarihi kusan 300,000, kuma littattafai kimanin 50,000 an jera su a kantocin da suka bi bango, duk wanda ya biya kuɗin shiga yana iya zaro wanda ya ga dama. Mutane zaune a matakala, wasu kwance a ciyawar tsakar gida, tsoho da jikansa kowa da nasa. Ana buɗe littafin daga dama zuwa hagu, abin da na ga yana rikita wasu Turawa, amma hannun da ya saba da allo da Alƙur'ani bai sha wahala ba.

Jami'ar Seika ɗin tana da tsangaya sukutum ta koyar da manga, kuma daga 2018 zuwa 2022 shugabanta Oussouby Sacko ne, haifaffen Bamako ta ƙasar Mali, ɗan Afirka na farko da ya shugabanci jami'a a Japan. Na daɗe a ɓangaren fassarori, inda ake ajiye manga da harsunan waje da kuma zanen da 'yan wasu ƙasashe suka yi da salon nasu. Na duba kanta bayan kanta ina neman harshen Afirka ta Yamma ko guda, ban ci karo da shi ba har lokacin tashi ya yi.