Batirin da ya bar ni cikin duhu a bakin Kwara

Sana'ata ɗaukar bidiyo ce a Birnin Kebbi: biki, suna, walimar saukar Alƙur'ani. Aikin dare a daji ban san shi ba sai da wasu manoman shinkafa daga ƙasar Yauri suka neme ni. Dorina ce ta addabe su. Da rana tana cikin ruwa, da dare ta hauro gona, ga shi babba guda kan cinye abin da ya kai kilo 40 kafin asuba, ban da wanda take tattakewa. Sun kai kuka, ana ce musu ina shaida. Shi ne suka haɗa kuɗin mota suka ce in zo in ɗauko musu ita a kyamara.

Ba a dalle dorina da farar fitila, ko ta koma ruwa ko ta yo kanka. Don haka na nemi tocilar infared, mai hasken da idon mutum ba ya gani. A ma'aunin tsawon zangon haske, ganinmu yana ƙarewa ne wajen nanomita 700, ita kuwa tocilar tana aiki a 850, kyamara mai yanayin dare ce kaɗai ke ganin abin da ta haska, baƙi da fari. Akwai ta 940 wadda ta fi ɓuya, amma ba ta kai ta 850 nisa ba, sai na zaɓi nisa duk da kan tocilar yana ɗan ja kamar garwashi.

Na yi kwanaki ina bincike a kan tocila, batir kuwa a tsaye na saye shi a kasuwa. Irin wanda ake kira 18650 ne, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Na ga an rubuta 9900mAh a jikinsa, wato yawan cajin da yake ɗauka, ga araha, na ɗauki huɗu ina murna.

Mun hau rumfar gadi a gefen gona wajen ƙarfe sha ɗaya. Na kunna tocila, na duba allon kyamara, har ciyawar bakin ruwa ina gani tar. Sai na rufe allon kada haskensa ya tona mu. A nan matsalar take, kuma ita ce ban taɓa tunani ba: tocilar gida idan batirinta ya yi sanyi kana gani, hasken ya koma ja-ja, ka canza. Wannan kuwa tana mutuwa ba ka da labari. Can tsakar dare mai gonar ya taɓa ni, ya ce a hankali, "Malam, ga su nan." Ina jin huci da ƙarar tsinkar shinkafa. Na buɗe allo, baƙi ƙirin. Kafin in lalubo wani batir in sa cikin duhu hannu na rawa, sun yi nisa, sai inuwa na samu. Da gari ya waye babu wanda ya yi mini faɗa, kuma wannan shirun ya fi faɗa ciwo, domin na san yadda suka tara kuɗin nan.

A Yelwa, babban garin Yauri, na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo tocilar, a zatona ita ce ta lalace. Bai ko buɗe ta ba. Ya ciro wani batir daga aljihun tebur ya ce, "Ɗana, riƙe wannan a dama, naka a hagu." Nawa kamar fanko. Da muka ɗora a ƙaramin sikeli, nasa giram 46, nawa bai kai 30 ba. Na ce, "Baba, ai nawa ya fi naka lamba." Ya ce lamba tawada ce.

Gaskiyarsa. Batirin 18650 na ainihi, na kamfanoni irin su Panasonic, Samsung, LG da Molicel, ƙarfinsa yana tsayawa ne wajen 3500mAh, nauyinsa kuma tsakanin giram 45 zuwa 50. Duk wanda aka rubuta wa dubu tara, ƙarya ce tun daga takarda. Lissafin ma mai sauƙi ne: tocilar da ke jan wutar amfiya ɗaya, wato 1000mAh duk awa, batir mai 3000mAh zai riƙe ta kusan awa uku. Mai son fiye da haka sai ya nemi tocilar da ke cin babban batir 21700, wanda ke kaiwa 5000mAh.

Abin da ya fi amfanata shi ne mitar awon wuta da dattijon ya sa na saya. Batir cikakke yana nuna bolt 4.2, yawancin aikinsa yana yi ne wajen 3.6 zuwa 3.7, idan ya gangaro 3 to ya gaji, a bar shi ya wuce 2.5 kuwa an cuce shi. Yanzu kowane batir nawa yana da lamba da na rubuta masa da maka, na san minti nawa yake yi a tocilar, domin na gwada su ɗaya bayan ɗaya a ɗaki da agogo. A fili ba na jiran allo ya yi duhu, lokaci na cika nake canzawa.

Akwai batir mai da'irar kariya a gindinsa, wadda ke yanke wuta kafin ya zube sarai. Yana da kyau, sai dai ya fi tsawo da 'yan milimita, wata tocilar ba ta rufuwa da shi. Wani kansa a shafe, wani da ɗan tudu, a duba wanda tocila ke so kafin a biya. Kuma tocilar da aka yi don ƙananan batir marasa caji CR123A guda biyu, bolt 6 take tsammani. Ka zuba mata masu girmansu da ake caji, wato 16340, guda biyu, 8.4 ke nan, tana iya ƙonewa.

Zafi kuma, mu da muke ganin sama da digiri 40 a watan Afrilu, shi ke tsofar da batir da wuri. Na daina barinsu cikin jaka a kan babur a rana. Idan ba aiki, ina ajiye su da rabin caji a inuwa, cikin 'yar robarsu. Ba na jefa su aljihu tare da makulli, domin duk gangar jikin batirin waya ce, leda ce kawai ta rufe ta, in ta yage ƙarfe ya haɗa sama da gefe, gobara ce. Ita ma tocilar ba a leƙa bakinta a kunne, ido ba ya ƙiftawa ga hasken da ba ya gani.

Bayan mako biyu na koma da kuɗin motata, da batir shida masu nauyi. Na canza na farko ƙarfe ɗaya, na biyu na ciki lokacin da suka hauro, uwa da ɗanta da wata babba a baya. Minti goma sha ɗaya na ɗauka. Da safe muka zauna a kan tabarma, manoman suka kewaye allon, mai gonar ya sa yatsa a kan hoton yana nuna wa sauran daidai kunyar da ya dasa da hannunsa.