Kaska: kafin ta faɗo ƙasa

Kaskar nan da ake gani a hantsar saniya ko ƙarƙashin wutsiya, ta kumbura kamar kan ɗan yatsa, mace ce, kuma saura ƙiris ta gama aikinta. Da ta ƙoshi da jini sai ta saki fata ta faɗo, ta shige gindin ciyawa ko tsagar bangon garke, ta zuba ƙwai dubbai, sannan ta mutu. Mai zane a baya, wadda likitocin dabbobi ke kira Amblyomma, ƙwanta kan kai 20,000. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an cire kaska an yar a tsakiyar garke. A tara su a gwangwani a ƙone, kuma kada a murƙushe su da hannu, domin nau'in Hyalomma na ɗauke da zazzaɓin da ke kama mutum.

'Ya'yan kan ƙyanƙyashe da ƙafa 6, su hau bakin ciyawa su jira dabba ta gifta, har tsawon watanni ba ci. Bayan sun sha jini su yi saɓa su koma masu ƙafa 8, su sake sha, su sake saɓa, sannan su balaga. Nau'in Boophilus na yin duk wannan a jikin saniya guda cikin kamar mako 3, kuma ita ke yaɗa ciwon fitsarin jini. Amblyomma kuwa sauka take yi bayan kowane sha, ta nemi wata dabbar. Bakinta dogo ne, yana barin gyambo, kuma inda ta yi yawa kirci kan biyo baya.

Wanda ya gane wannan ba zai yi feshi sau ɗaya ya naɗe hannu ba, tunda waɗanda ke cikin ciyawa magani bai taɓa su ba. Ni dai da amitraz ko cypermethrin nake feshi, ina maimaitawa yadda takardar maganin ta ce, ina jiƙa cikin kunne, hammata da tsakanin cinyoyi. Tsarma ruwa fiye da kima don magani ya yi auki shi ke sa kaska ta daina jin sa. Sabuwar dabba kuma a ware take kwana, sai an yi mata wanka take shiga garke.