Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da na fara rufe shago ran Lahadi

Salama gare ku 'yan'uwa. Makon jiya mun tsaya a inda aka sallami Baban yara daga aiki, muka kwashe kayanmu daga Samaru muka dawo Wusasa, ɗaki biyu a gidan wani yayansa. Toh yau sai mu ɗora.

Farkon 2023 ne, lokacin canjin kuɗi, wanda duk ya ga wannan lokacin ba sai na yi masa bayani ba. Kuɗinka na banki amma ba ka da na sayen barkono, masu POS kuma sai abin da suka ga dama suke cira. Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, ɗan janaretan da nake tayarwa in an ɗauke wuta sai na lulluɓe shi da tsohon zani na tura shi lungu. Gida gaba ɗaya ya dawo kan keken ɗinkina, wata tsohuwar Butterfly ta ƙafa da na gada wurin mamata.

Ɗinki nake ba dare ba rana. Ran Lahadi ma in na je sujadar farko, kafin a gama sanarwa na sulale na je na buɗe shago, ana wa'azi ni kuma ina lissafin yadi nawa ya rage a atamfar wance. Barci ya ƙi. In na kwanta sai ƙafata ta dama ta riƙa motsi ita kaɗai tana taka keken da babu shi, har Baban yara ya taɓa ni ya ce Maman yara, ai kin tashi daga aiki.

Akwai wata tsohuwa a Zumuntar Mata ta cocinmu, ita ke buga tulu in ana waƙa, kowa Kaka yake ce mata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ƙuli-ƙuli take soyawa, ɗaki ɗaya gare ta da 'yan kaji. Wata Laraba ta kawo min zanin zumunta in kama mata bakinsa da ya tsage, ta zauna kan benci tana kallona ina ta faɗa da zare ya ƙi shiga allura, hannuna na rawa. Sai ta ce, 'yata, yaushe rabonki da ki ci abinci a zaune? Na yi dariya na ce Kaka ai zamanin ne. Ta ce zamanin da muka ci garin rogo da ruwa fa, ba Ubangijin nan ne ba? Ba ta yi min wa'azi ba, ta dai ce in na koma gida in buɗe Zabura 127, ta ajiye min ƙuli-ƙuli a leda a matsayin kuɗin ɗinki ta tafi.

Na karanta da dare da hasken waya. Wai banza ne mutum ya yi ta sammako yana kai dare yana cin abincin wahala, Allah yana ba waɗanda yake ƙauna barci. Kai, abin ya ba ni haushi da farko, don kuɗin makarantar yara ba barci ne zai biya ba. Amma na daɗe ina juya shi.

Nan bari in faɗi ra'ayina ko da wasu ba za su so ba. Masu wa'azin da ke cewa ka shuka iri, wato ka ba da 'yan kuɗinka a coci, wata mai zuwa ka hau mota, ni ban ga wannan a rayuwar Kaka ba, kuma ban ga wanda ya fi ta kwanciyar rai ba. Manzo Bulus yana tsare ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da wadar zuci a kowane hali. Koya ya yi, shi ma ba a dare ɗaya ta zo masa ba.

Lahadin da ta biyo baya na sa kwaɗo a shago. Kwastoma biyu sun yi fushi, ɗaya ta kwashe leshinta ta kai wani wuri, har yau ba ta dawo ba. Kuɗi bai ƙaru ba, kar wani ya ce na ce masa ya ƙaru. Na dai zauna aka gama sujada da ni, na dafa tuwon masara da miyar kuka muka ci a tabarma mu shida, autana ya nuna min haƙorinsa da ya fita tun kwanaki ban ma lura ba. Da azahar na kwanta, sai wajen ƙarfe biyar na farka.

Litinin da sassafe kuma sai ga yayan Baban yara a bakin ƙofa, wai yana son magana da mu a kan ɗakunan, ɗansa zai yi aure a Disamba. Wannan sai mako mai zuwa in Ubangiji ya yarda.