Albam ɗin hannu: abin da damina da hunturu ke koya wa mai haɗa shi

Ranar da aka gama haɗa albam, kusan kowanne yana da kyau. Sai damina ta wuce, hunturu ya biyo baya, sannan ake gane wanda aka yi da sani: wani bangonsa ya lanƙwashe kamar kwasfar ayaba, wani bakinsa ya buɗe ya ƙi rufuwa, wani hotunansa sun manne da juna. Babban abin da na koya a wannan aiki shi ne takarda ba ta zama wuri ɗaya. Tana shan laima ta buɗe, ta bushe ta tsuke, kuma yawancin ɓarnar da ake ɗora wa gam ko kwali daga nan take tasowa.

Takardar da inji ya yi tana da kwanciya, kamar gashin jikin akuya. Zarurrukan cikinta sun fi miƙewa ta fuska ɗaya, kuma idan ta jiƙa, ta faɗin zaren take buɗewa, ba ta tsawonsa ba. Gane kwanciyar ba wuya: a ɗora takardar a tebur, a lanƙwasa ta a hankali ba tare da an karya ba, sannan a juya a lanƙwasa ta ɗaya fuskar. Inda ta fi saurin bi, layin lanƙwasar nan shi ne kwanciyarta. In ana shakka, a yanki ɗan gutsure a shafa masa ruwa a fuska ɗaya, zai naɗe kamar tabarma, tsawon naɗin kuma shi ne kwanciyar. Ƙa'idar ita ce kwanciyar komai, shafuka da kwalin bango da takardar da za a liƙa a ciki, ta bi tsawon ƙashin bayan albam, wato daga sama zuwa ƙasa. Idan aka saɓa, shafi yakan tsaya ƙiƙam in an buɗe, inda aka ninke ya tsage, gefen ɗinki kuma ya yi ƙudundune. A nan ne mutane da yawa ke faɗawa: yawancin takardar A4 ta ofis kwanciyarta ta bi dogon gefen ne, mai santimita 29.7. Wanda ya kwantar da ita ya ɗinke ta gajeren gefen, mai santimita 21, ya saɓa tun kafin ya taɓa gam. Shi ya sa ya fi a sayi babban falle a yanka da kai, bayan an gwada.

Nauyin takarda ana rubuta shi da lambar gsm, wato giram nawa ne murabba'in mita ɗaya. Ta fotokwafi 80 ce ko ƙasa da haka, ba ta iya ɗaukar hoto. Shafin albam yana son 200 zuwa 300. In ya haura haka, ninkewa takan zama dambe. Bango kuwa sai kwali mai toka-toka, curarre, mai kaurin milimita 2, irin wanda masu ɗaurin littafi ke amfani da shi. Kwalin taliya ko na sabulu ba ya yi, domin cikinsa rami-rami ne, yatsa ma yana lotsa shi.

Ga awon da ke aiki ga hoton da aka fi wankewa, mai santimita 10 da 15. A yanka falle 20, kowanne tsayi santimita 21, faɗi 30. A auna santimita 3 daga gefen hagu, a ja layi da bayan wuƙar tebur ko biron da tawadarsa ta ƙare, a jikin rula ta ƙarfe, sannan a ninke a murje da bayan cokali. Shafi ya koma faɗin 27 ke nan, gefensa na hagu kuma ya zama riɓi biyu. A sake jan wani layin daidai inda ninkin ya ƙare, wannan shi ne gaɓar da shafi zai riƙa juyawa a kai. Filin da ya rage, santimita 24, yana ɗaukar hoto 2 a tsaye, da ratar santimita 1 a tsakaninsu da 1.5 a kowane gefe, a ƙasa kuma ga wurin rubutu.

Wannan ninki na gefe ba ado ba ne, ciko ne, kuma shi sabon shiga ya fi mantawa. Hoton da aka wanke yana da kaurin wajen rubu'in milimita. Idan falle 20 suka ɗauki hoto gaba da baya, an ƙara kusan santimita 1 a tsakiyar albam, alhali wurin ɗinki yana nan yadda yake. Sakamakon shi ne albam mai bakin kada, ya buɗe ta gaba, zaren ya yi ta ja har ramukan su yage. Ninki ɗaya na kwali mai gsm 250 yana rama hoton fuska ɗaya ne kawai. In za a sa hoto gaba da baya, ko za a liƙa katin gayyata da ƙyallen anko, sai a ƙara wani siririn kwali mai faɗin santimita 3 a cikin ninkin. Gwajin mai sauƙi ne: kafin ɗinki a jera komai a wurinsa, a tara shafukan, a danna da tafin hannu. Gefen ɗinki da tsakiya su zo daidai, ko gefen ɗinki ya ɗan ɗara.

Kowane bango gida biyu ne. Tsayinsa 21.6, domin ya ɗara shafuka da milimita 3 sama da ƙasa. Siririn yanki mai faɗin 2.5 shi ke zama wurin ɗinki, sai a bar rata ta milimita 6, sannan babban yanki mai faɗin 24.2. Ratar nan ita ce gwiwar bangon. In ta gaza, bango ba ya buɗewa sai ya yaga yadin, in ta yi yawa kuma sai ya riƙa reto.

Atamfa da shadda suna yin bango mai kyau, amma ba a shafa musu gam kai tsaye, domin yakan ɓullo ta fuska ya bar tabo mai ƙyalli da ba ya fita. Da fari a wanke yadin a goge, don ya gama tsukewar da zai yi. Daga nan a yi masa baya: farin abin nan mai gam da teloli ke mannawa a wuyan riga da dutsen guga yana yi, in an samu marar kauri. A yanka yadin ya ɗara kwali da santimita 2 ta kowane gefe. Kwali ake shafa wa gam, da buroshi, daga tsakiya zuwa baki, siriri yadda ana hango launin kwalin ta ciki. A kusurwa, a yanke yadin a karkace amma a bar milimita 3 tsakanin yankan da tsinin kwali, wato kaurin kwali sau ɗaya da rabi. Wanda ya yanke dab da tsini zai ga kwali yana leƙowa, wanda ya bar da yawa zai samu ƙulli. A fara naɗe sama da ƙasa, a tura ɗan kunnen da ya rage da farce, sannan a naɗe gefuna.

Yanzu ga inda laima ke nuna halinta. Duk abin da aka liƙa a fuska ɗaya ta kwali, in ya bushe zai ja kwalin zuwa wajensa. Maganin shi ne a liƙa takarda a fuskar ciki ta ja nata, kuma gara ta ciki ta ɗan fi ƙarfi, bango ya rusuna wa shafuka maimakon ya ɗaga musu baki. Idan an shafa wa takardar ciki gam, a ba ta kamar minti ɗaya ta gama buɗewa kafin a ɗora. Wadda aka ɗora da gaggawa a kan kwalin take ƙarasa buɗewa, shi ne ake ganin ƙuraje da tamoji. Sai a danne bangon tsakanin katako biyu masu santsi, da farar takarda sama da ƙasa tana shan laimar, a ɗora nauyi. A canja takardar bayan awa ɗaya. Kwana ɗaya ya isa da rani, da damina sai biyu. Shanya bango a rana don a yi sauri ɓata aiki ne.

Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, shi ne na bango. Da hunturu yakan yi fata kafin a gama shafa babban yanki, don haka ana cakuɗa shi da kunun sitaci, rabi da rabi, ya ba da lokacin gyara. Kunun kuwa ludayi 1 na sitaci ne da ludayi 5 na ruwa, a dama da ruwan sanyi, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har farin ya washe ya yi yauƙi, a bari ya huce, a tace da ƙyalle. Kwana 2 ko 3 yake yi a firji, da ya fara tsami a zubar. Aibinsa ɗaya, kyankyaso da gara suna sonsa, don haka ba a barin rara a gefen kwali. Ƙaro, wanda ake sa wa tawadar allo, yana kama takarda marar nauyi, sai dai yana ƙamewa ya fashe a gaɓa, laima kuma tana sake narkar da shi. Gam mai warin fetur na masu takalma da sufa gulu ba su da gurbi a nan ko kaɗan. Salatef ma haka: bayan 'yan shekaru ledar ta faɗi, ta bar jan tabo mai maiƙo da ya ratsa takarda.

Shi hoto, a ganina, bai kamata gam ya taɓa shi ba, balle tsohon hoton da ba shi da na biyu. A yanki siririyar takarda mai faɗin santimita 1 da tsawon 4, a ninko bakunanta biyu ƙasa daga tsakiya su haɗu, za ta ba da ɗan aljihu mai kusurwa uku. Aljihun ake sa wa gam a baya, huɗu ga kowane hoto, hoton kuma ya zauna a ciki, a cire shi duk ranar da aka so. A bar masa sararin rabin milimita, kada a matse, domin shafi da hoto ba tare suke motsi ba. Takardar hoton da ake wankewa a yau tana da rufin roba gaba da baya, ba ta shan gam yadda kwali ke sha, shi ya sa wanda aka liƙe da farin gam yakan kumbura a tsakiya. Hotuna biyu da ke fuskantar juna kuma suna manne wa juna da damina. A raba su da falle na takarda marar nauyi mai santsi, a ɗinke ta tare da shafukan. In leda za a sa, a duba ɗan alwatikan da ke jikinta: mai lamba 5 ba ta da illa, mai lamba 3, wadda ke da warin sabuwar roba, tana jiƙe fuskar hoto ta ɗauke launinsa. Lamineshin ba a komawa baya daga gare shi. Rasit ɗin POS da tikitin da aka buga da zafi ma baƙi ƙirin suke zama a injin lamineshin, a ajiye kuma su koɗe, don haka kwafinsu ake liƙawa.

Dalilin da ya sa jarida ke yin ja ta ruɓe cikin 'yan shekaru shi ne sinadarin lignin na itace da asid ɗin da ke tare da shi, kuma wannan jan yana kama duk abin da ya jingina da ita. Rubuce-rubucen malaman Sakkwato da Borno na ƙarni na 19, da yawansu a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, suna nan ana karantawa, domin irin wannan takarda da tsumma aka fi yin ta. Ba a ma ɗinke su, falle-falle suke tsakanin tadarishi, wato bangaye biyu masu tauri, a cikin gafaka, dabarar da har yau ta fi dacewa da tsofaffin hotunan gida. Wajen sayen kwalin shafi a nemi wanda aka rubuta wa "acid free", wato marar asid. Kwali mai launi kuma a goga masa jiƙaƙƙen farin ƙyalle, in ya zuba a ƙyale shi. Baƙi da ja sun fi yin haka.

Ɗinkin da ya fi sauƙi shi ne na Japan mai rami 4. A yi ma'auni da kwali: ramuka santimita 1.5 daga baki, a 3 da 8.2 da 13.4 da 18.6 daga saman bango. Ga shafuka a rage milimita 3 daga kowane awo, tunda bango ya ɗara su. A huda falle uku-uku da basilla ko ƙusa da guduma a kan katako, ba duka a lokaci ɗaya ba, don ramin kan karkace. Zaren masu ɗinkin takalma mita 1.5, a murza shi da kakin zuma. A fara daga tsakiyar shafuka a rami na biyu, a bar jela, a kewaya ƙashin baya a kowane rami, a kewaya sama da ƙasa a ramukan ƙarshe, a dawo inda aka fara a ƙulle a cusa ƙullin ciki. A ja zare ya kwanta, amma kada ya nutse cikin yadi.

Tsarin shafi ba ya son dogon bayani. Hoto ɗaya ya zama babba, sauran su bi shi, rata ta zama iri ɗaya a ko'ina, ado kuma ya zama shimfiɗaɗɗe. Duwatsu da maɓallai suna huda hoton da ke fuskantarsu. Kafin a kai wanki, a tabbata hoton ya kai ɗigo, wato pixel, 1200 da 1800 ga girman 10 da 15. Wanda ya yi ta yawo a WhatsApp an matse shi, sai a nemi a turo asalinsa a matsayin fayil. Sunaye da wuri da shekara a rubuta su a shafi da alƙalami mai tawadar da ruwa ba ya wankewa, cikakken suna, ba "Hajiya da ƙawayenta" ba. A bayan hoto fensir mai laushi kawai, 2B ko sama, a gefe, a kan tebur mai tauri, domin biro yana fitowa ta fuska. Albam mai nauyi a kwance ake ajiye shi, cikin jakar yadin auduga, a kan kanta nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙa, ba cikin akwatin turare da humra ba, don mansu yana ratsa takarda.