Wagon mai turbo a wani gareji na Bauchi

Garejina yana bakin hanyar Gombe, can gefen garin Bauchi. Fili ne mai rumfar kwano ɗaya da ramin duba ƙarƙashin mota guda biyu, kuma yara shida ne ke koyon aiki a hannuna a yanzu. A kan Peugeot na koyi kanikanci, kamar kusan duk sa'o'ina, domin tun da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975 babu tashar da mutum zai shiga a Arewa bai tarar da 504 ba, musamman mai dogon bayan nan da muke kira wagon, wadda ake cika ta da fasinja da buhuna a nufi Kano ko Maiduguri. Bayan ta sai Golf wagon ta gaji aikin. Wannan ne ya sa har gobe idan mutumin Bauchi ya hangi wagon, motar haya yake gani, ko da kuwa kujerunta na fata ne, injinta kuma ya fi na motar mai unguwarsu ƙarfi nesa ba kusa ba.

A Turai lissafin daban ne. Can wagon babba motar likita ce da injiniya da manajan kamfani, shi ya sa Mercedes da BMW da Audi kowannensu yake fitar da manyan motocinsa na ofis a siffa biyu, ɗaya mai but na daban, ɗaya mai dogon baya. Wadda ta fi zuwa hannuna a cikin irin waɗannan wagon na Turai ita ce Volvo, kuma a hankali, ba da shiri ba, garejin ya zama wurin da ake turo ta idan ta gagari wasu.

Volvo kamfanin ƙasar Suwidin ne, mazauninsa birnin Gotenbag, kuma injiniyansa Nils Bohlin ne ya fito da bel ɗin kujera mai maƙali uku a 1959, wanda kowace mota ke amfani da shi yau. An daɗe ana ɗaukar motocinsa a matsayin akwatuna masu aminci amma marasa kuzari, sai da 850 ta fito a 1991, wagon ɗinta ta biyo baya a 1993 da dogayen fitilun baya da suka hau har rufi. Da aka ɗora mata turbo, injin mai lita 2.3 ya ba da ƙarfin doki 225, a 1995 kuma aka fitar da T-5R mai 240, wadda aka fi saninta da launin ɗorawa. A 1994 kamfanin ya shigar da wagon ɗin kanta gasar tseren motoci ta Birtaniya, mutane suka yi ta dariyar ganin motar kai yara makaranta a filin tsere. V70 ta gaji 850 a ƙarshen 1996, zubi na biyu ya fito a 2000, kuma samfurin mai turbo da ake kira T5 na wannan zubi yana da ƙarfin doki 250. Da yawa daga cikin motocin nan a birnin Gent na ƙasar Beljiyam aka harhaɗa su, don haka idan dillali ya rantse cewa motarsa 'yar Beljiyam ce, a kan wannan dai ba a kama shi da ƙarya ba.

Abin da ke tsorata masu saye shi ne kalmar turbo, alhali aikinsa ba ɓoyayye ba ne. Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona fetur da iska, kuma iyakar iskar da ya iya shaƙa ita ce iyakar fetur ɗin da zai iya ƙonawa. Turbo fanka biyu ne a kan ƙarfe ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji, wanda da a banza zai bi salansa ya tafi, shi ke juya fanka ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke danna iska cikin silinda da ƙarfi, kamar yadda zugazugin maƙeri ke hura gawayi har ƙarfe ya yi ja. Wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar dabarar tun 1905. Iskar da aka matse takan yi zafi, saboda haka sai an bi da ita ta wani ƙaramin lagireto da muke kira intakula ta huce kafin ta shiga inji, sannan akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa ta karkatar da hayaƙi idan matsin ya kai iyakar da kwamfutar motar ta yarda da ita. Ƙarfen da ke tsakanin fankokin nan yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, ɓangaren hayaƙin yana iya kai zafin digiri 900, kuma duk wannan juyi a kan ɗan siririn baƙin mai yake yawo. Wanda ya fahimci wannan jumla ta ƙarshe ya fahimci rabin sana'ata.

Injin kansa silinda biyar ne, an kwantar da shi a gicciye yana jan tayoyin gaba. Biyar ɗin nan ce ke ba shi wani gurnani da kunne ke ganewa tun motar tana bakin titi, ba irin na mai huɗu ba, ba kuma santsin mai shida ba. Takan kuma jawo mini ƙaramar rigima da sababbin yara, domin fulogi a kwali huɗu-huɗu yake zuwa, kuma babu yaron da na taɓa aika kasuwa karon farko da bai dawo da huɗu ba.

Inda nake gwada motar bayan babban aiki shi ne hanyar Jos. Bauchi tana kan tudun da ya kai kimanin mita 600 daga teku, Jos kuwa ta haura mita 1,200, kuma daga wajen Toro zuwa Tilden Fulani hanya sai hawa take yi. Iska tana raguwa da tsawo, shi ya sa motar da ba ta da turbo takan rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da take da shi a bakin teku idan ta hau saman Filato, direba ya yi ta sauke giya yana zargin fetur. Mai turbo ba ta damu sosai ba, domin fankar tana ƙara juyi ta cike giɓin. Amfanin ƙarfin doki 250 a hanyoyinmu ba gudun fitar hankali ba ne. Amfaninsa shi ne lokacin da tirela ta tare gaba a kan hawa, aka sami ɗan fili, mutum ya taka totur ya wuce ta cikin 'yan daƙiƙoƙi ya koma hannunsa. Sai dai T5 tana da ɗan jinkiri: idan aka taka daga ƙasa takan yi kamar tana shawara, sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya har sitiyari ya ɗan fizgi hannu. Masu ƙaramin matsi, wato 2.4T da 2.5T masu ƙarfin doki 200 zuwa 210, ba su da wannan hali, ƙarfinsu tun daga ƙasa yake zuwa a natse, kuma su nake fifita wa magidanci.

Wata rana da bazara wani malamin jami'a ya shigo da V70 tana tuƙa shuɗin hayaƙi kamar an kunna yayi. Ya fito ransa a ɓace, ya ce, "Malam, an ce mini injin ya gama, sai dai a sauke a sa wani." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni rabin awa tukuna." Da injin ya huce na cire tiyon da ke shiga turbo, na sa yatsa na taɓa fankar, sai na ji tana kaɗawa sama da ƙasa kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa, baƙin mai kuma ya jiƙa cikin tiyon sharkaf. Na kwance siririn bututun ƙarfen da ke kai wa turbo mai, na miƙa masa na ce ya hura. Ya hura har kumatunsa suka kumbura, iska ba ta fita ba. Da muka zura waya sai ga baƙin gari yana zubowa a tafin hannuna, mai ne da ya ƙone ya zama gawayi. Na tambaye shi inda yake yin juye, ya ce wurin wani mai jarka a bakin titi, na tambaye shi yadda yake yi idan ya dawo daga Jos, ya ce yana shiga gida yake kashe mota ya fita. Injin lafiyarsa lau. Turbo ne ya mutu da ƙishirwa, domin idan aka kashe inji da zafinsa famfon mai yakan tsaya nan take, man da ya rage a cikin turbo kuma ya dahu a wurin. Muka sa wani turbo da sabon bututu, muka wanke intakula, kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da sauke inji zai ci ba.

Tun daga nan na kafa wa masu irin motar ƙa'idar da ba na sassautawa. Baƙin mai irin wanda ake kira sintetik mai lamba 5W-40, a cikin galan ɗin da ba a fasa hatiminsa ba, kuma a juye shi duk kilomita 5,000, ko da littafin motar ya yarda a wuce haka, domin wanda ya rubuta littafin bai san ƙurar hunturun Bauchi ko zafin watan Afrilu ba. Matatar iska a duba ta duk wata idan buji ya sauka, saboda ƙura ga fankar da ke irin wannan juyi tamkar yashi ce a ido. Taimin bel kuwa ba a jiran ya yi ƙara, domin idan ya tsinke fistin da bawul ne za su yi karo, aikin kuma ya koma na tof silinda. Akwai wani gwaji da nake nuna wa kowane yaro a makonsa na farko: a buɗe murfin zuba mai, a ɗaura safar hannu ta roba a bakin, a tada mota. Idan safar ta tsotse ciki, hanyar numfashin injin a buɗe take. Idan ta kumbura ta miƙe kamar tana gaisuwa, akwatin tace tururin mai ya toshe, kuma in ba a canza shi ba matsin zai tura sil ya fara yoyo ta gaba da baya.

Fetur ma yana da nasa. Inji mai turbo ya fi son mai mai ƙarfin oktan 95 zuwa sama, namu kuwa yakan gaza haka, sai na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasar inji ta sa kwamfuta ta ja baya, ƙarfi ya ɗan ragu amma injin ya tsira. Abin da ba ya yafewa shi ne man bumburutu da aka gauraya.

Ta fuskar amfani, ban ga motar da ta haɗa abin da wagon ta haɗa ba. Bayanta yana ɗaukar kusan lita 500 na kaya kujeru na tsaye, idan aka kwantar da na baya kuma ya haura lita 1,600, shimfiɗe ɗaya tun daga ƙofar but har bayan direba. Na ga an sa firji a kwance an rufe ƙofa, na ga buhunan masara daga Alkaleri, na ga akwatunan lefe saiti guda ba tare da an ɗaura komai a rufi ba. Bakin but ɗin yana ƙasa, don haka ba a ɗaga kaya sama kamar a jif, kuma da yake nauyin motar yana kusa da ƙasa ba ta tangaɗi a kwana. Wasu ma suna zuwa da ƙaramar kujerar yara biyu a cikin but, mai kallon baya.

Wannan kusanci da ƙasa shi ne kuma aibinta a wurinmu. Tudun rage gudu da unguwanni ke ginawa yadda suka ga dama yana dukan cikinta, kuma na walda ƙarfen kariya a ƙarƙashin injin fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Zubi na biyu yana da faɗin kwana, juyawa a lungunan cikin gari sai an yi gaba an yi baya. Duk wanda ya ce mini gonarsa tana bayan rafi ko yana bin burji da damina, nakan ce masa ya nemi XC70, wadda aka ɗaga kuma take ja da taya huɗu, ko ya haƙura ya sayi Hilux. Na rasa ciniki a kan wannan magana ba sau ɗaya ba, amma ya fi mini a kan in riƙa ganin mutum kowane mako da fasasshen kaskon mai.

Kayan gyara su ne wahalar sana'ar. A Bauchi akan sami matata da burki da fulogi, amma turbo ko na'urar auna iska sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, wani lokaci har Ladipo a Legas, kuma na hannu ne, sai an gwada kafin a yarda. Nakan sa a ɗauko mini bidiyon fankar ana kaɗa ta da yatsa kafin in tura kuɗi. Sai da na sayi kwamfutar duba mota na koyi karanta lambobinta, domin waɗannan motoci ba a gyara su da kunne kaɗai kamar 504. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 aikin ya sauya: motar da ke shan lita 9 zuwa 10 a kilomita 100 a doguwar hanya, ta kuma haura 13 a cikin gari, ba kowa ke iya fita da ita kullum ba. Wasu sun jingine nasu sun koma babur, farashinta a hannun dillalai kuma bai taɓa kai na jif mai shekarunta ba, saboda har yanzu ana ganin ta da idon motar tasha. Masu sayenta yanzu mutane ne da suka san abin da suke nema, yawanci masu zirga-zirgar Abuja ko Gombe da iyali.

Malamin nan har yau yana kawo tasa juye, kuma turbo ɗin da muka sa shi ne a ciki. Ya gaya mini cewa idan ya dawo daga tafiya yakan zauna a mota minti biyu injin yana silo kafin ya kashe, kuma har yanzu uwargidansa ta ɗauka labarun rediyo yake ƙarasa ji.