Lahadin godiya, da maganar rushe tsohon ɗakin sujada

Yau muka yi sujadar godiya ta zagayowar ranar kafa majami'armu. An cika har waje, sai da yaran RA, wato ƙungiyar yara maza ta Baftis, suka kwaso bencina daga ajin yara.

Sakatare ne ya karanta tarihi. Ya faro daga Bowen, ɗan mishan ɗin Amurka da ya iso ƙasar Yarbawa a 1850, ya taɓo taron Ibadan na 1914 da ya haɗa kan majami'un Baftis, sannan yadda 'yan kasuwar Ogbomosho da ma'aikatan reluwe suka hauro da ɗarikar zuwa Arewa. Duk gaskiya ne. Amma abin da ya faru a wannan fili namu na kudancin garin Kaduna, layi biyu kawai ya samu.

Sauran a bakin Kaka na ji, muna cin shinkafa a ƙarƙashin rumfar zumuntar mata. Ta ce masaƙun Kakuri, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957, su ne suka tara mutanen da suka kafa majami'ar. Mazajensu leburori ne daga kudancin Zariya da Filato, kowa da yarensa, Hausa ce kaɗai ta haɗa su. Da fari a majami'ar Yarbawa suke zama, ba sa jin wa'azin, sai aka ba su lokacin yamma. Daga nan suka koma zauren wani dattijo. Wani ɗalibi daga makarantar fastoci ta Kawo ke zuwa musu a keke, abincin rana ne ladansa. Da aka sami fili, mata suka ɗebo ruwa da yashi a ka, maza suka buga bulo bayan an tashi daga aiki. Wadda ba ta da kuɗin baiko ta kawo kwanon dawa.

Na ce, "Kaka, yaushe aka yi yawa haka?"

"Bayan rikicin 2000, jikata. Mutane suka tsallako gada da 'yan kayansu. A ɗakin can iyalai suka kwana."

Wannan tsohon ɗakin sujadar da suka gina ne kwamitin gini ya sanar yau cewa yana so a rushe, don a sami wurin ajiye motoci. Na san matsalar, duk Lahadi maƙwabta na kuka mun tare musu ƙofa. Amma raina bai kwanta ba. Bangonsa lafiya lau, rufin kwano ne kawai ke yoyo, ga yara ba su da isasshen aji.

Abin da ya sa nake son tsarin Baftis shi ne fasto da dikinoni ba sa yanke irin wannan su kaɗai, sai taron membobi ya ɗaga hannu. Lahadi mai zuwa za a zauna. Na yi magana da matan layinmu, za mu roƙi a gyara rufin a mayar da shi na yara, mu kuma mu ɗauki nauyin kwanon.