Rahoton gwajin ɗana

Jiya na karɓo rahoton gwajin da aka yi wa ɗana mai shekara 3 kan jinkirin magana. Shafi 9 cur, na karanta sau uku, kaina ya ɗaure. Sai da ma'aikaciyar ta fayyace mini cewa "mataki na 10 cikin 100" na nufin kusan 90 cikin sa'anninsa 100 sun fi shi maki a fannin magana kaɗai. Abin da ya fi ci mini rai, shawarwarin da zan bi a gida layi huɗu ne, can a shafin ƙarshe. Yau na koma na roƙi a rubuta mana shafi ɗaya da sauƙaƙan kalmomi, don babansa ma ya gane.